Sarakuna Sha Ɗaya a Gwangwani

Mutari direba ya taho da su daga Sabha,
ƙulle cikin safa, a akwatin sufanu.
Ya zube mini su a tebur, tsakanin gawawwakin agogo,
ya ce, "Kai da idonka ke ganin hanjin sauro,
duba mini ko akwai zinariya."
Babu.
Na ba shi jaka biyu da kofin shayi,
ya tafi yana dariyar ya ci riba.

Tun ranar, in Kasuwar Dole ta watse,
dukawa sun tattara fatunsu,
sai in jawo fitila kusa,
in maƙala madubin aiki a idon dama,
in buɗe gwangwanin madara.
Tagulla ce, ta yi kore shar
kamar bakin rijiyar da aka daina ja.

Na farkon na cuce shi.
Lemun tsami da toka na sa masa, wankin tukunya,
ya fito ja wur,
fuskar ta bi dattin ta tafi.
Ashe tsatsar ce rigarsa.
Daga nan na koyi bi a sannu:
man zaitun, kwana arba'in,
tsinken sakace,
da buroshin haƙoran da Zulai ta yar.

Sai ga su suna tasowa ɗai-ɗai.
Wannan mai wuyan bijimi, da ganye ɗaure a ƙeya.
Wancan kambinsa tsinke-tsinke,
kamar rana a zanen yara.
Akwai mai gemu, sak Kyari mai goro.
Na kai masa ya gani, ya juya shi sau biyu,
ya ce, "To, a ba ni gadona."

Haruffa na bin gefe kamar jerin tururuwa,
rabinsu sun faɗa rami.
Mushe Sanusi, wanda ya koyar da tarihi kafin ya ajiye alli,
ya ara mini littafi marar bango.
Ya ce, "Fara da hanci, suna ya biyo baya.
AVG ɗin nan sarauta ce.
Ƙananan na can ƙasa, garin da aka buga shi."
Mukan yi gardama kan harafi guda har a kira isha'i,
shi ya ce N, ni in ce M ce ta karye ƙafa.

A bayan wani, soja biyu tsaye, tuta a tsakaninsu,
shekara dubu da ɗari bakwai
ba wanda ya zo karɓar gadi.
A bayan wani, kyarkeci na shayar da jarirai biyu.
Zulai ta ce, "Baba, wannan ƙarya ce."
Na ce, amma an sayi burodi da ita.

Wanda ya fi su kyau, shi ne jabu.
Gefensa da layi siriri, inda zubi ya haɗu.
Na sake shi a siminti,
ya amsa da muryar murfin kwalba.
Ban yar da shi ba.
Wani maƙeri ya yi gumi a kansa, ko a ina yake.
Na naɗe shi, na rubuta: ɗan bana.

Saura na ƙarshe.
Ba hanci, ba kambi, ba harafi ko ɗaya,
sumul kamar dutsen guga.
Hannuwa suka cinye shi:
mai kifi, mai wanki, matar soja,
yaron da aka aika ya sayo mai.
Ƙaisar ne, na sani, amma wane?
Mushe ya rufe littafi, ya ce ba shi da daraja.

Shi ne ke aljihuna.
In na kulle shago na nufi Birni,
na bi ta gindin manyan duwatsun nan
da ke sakin zafin yini bayan magariba,
babban yatsana na kansa, yana murzawa.
Abin da ya rage na fuskar,
ni ma ina cin rabona.